Alƙalami Da Lalita A Hannu Ɗaya: Darasi Daga Rayuwar Amaka Igwe

Duk wanda ya saba kallon wasan kwaikwayo a talabijin ya san abin da ke faruwa idan shiri ya ƙare. Sunayen waɗanda suka yi aikin sukan taso daga ƙasan allo su shige sama a guje, a daidai lokacin da masu kallo suka miƙe, wannan ya nufi randa, wancan ya nufi shimfiɗa. Washegari a majalisa ko a ɗakin kwanan ɗalibai, sunan jarumi ake ta kira, ana maimaita maganganunsa ana ƙyaƙyata dariya, kai ka ce shi ya ƙago su. Shi kuwa wanda ya hana idonsa barci yana saƙa waɗannan maganganu, da wuya ka sami mai iya faɗa maka sunansa. Haka sana'ar rubutun fim take a ƙasar nan, kudu da arewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sai dai akwai 'yan tsiraru da suka ƙi yarda da wannan rabo. Ɗaya daga cikinsu ita ce marigayiya Amaka Igwe, marubuciya kuma mai shirya wasannin talabijin da finafinai. Da rayuwarta nake son in kafa hujja a kan ra'ayin da nake da shi, wato marubucin da yake son labarinsa ya isa ga jama'a yadda ya rubuta shi, ya kuma ci gajiyar guminsa, tilas ne ya koyi aikin furodusa. Ina kuma ganin mu ɗaliban harshe mun fi kowa buƙatar jin wannan magana.

Wace ce Amaka Igwe?

An haifi Amaka Igwe ranar 2 ga Janairu, 1963, kuma 'yar asalin jihar Inugu ce. Ba makarantar koyon fim ta yi ba. A Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, fannin ilimi da nazarin addinai ta karanta. Daga nan ta wuce Jami'ar Badun ta yi digiri na biyu a fannin kula da ɗakin karatu da adana bayanai. A taƙaice dai ɗaliba ce irinmu, wadda da ta bi hanyar da aka shata mata, da aji ko laburare za ta ƙare.

Shekarunta 28 lokacin da gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya fara nuna wasanta mai suna Checkmate a 1991. Sunan kalma ce da masu darar Turawa ke faɗa idan sun rutsa sarkin abokin wasa, ba gaba ba baya. Labarin wani gidan attajirai ne, gidan Haatrope, wanda kamfaninsu ya kama hanyar rushewa, ga maƙiya a waje, ga kuma ɓaraka a cikin gida. Wadda ta tsaya tsayin daka don ceto dukiyar gidan mace ce, Ann, wadda Ego Boyo ta fito a matsayinta. Richard Mofe-Damijo shi ya fito a Segun Kadiri, mutumin da ya ɗaura ɗamarar ganin bayan gidan. An yi ta nuna wasan mako-mako har zuwa 1994.

Ya kamata mai karatu ya san irin zamanin da wannan abu ya faru, domin a nan ne gane batun furodusa yake. A wancan lokaci ba gidan talabijin mai zaman kansa ko ɗaya a Nijeriya. Sai a 1992 aka yi dokar da ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, kuma AIT ba ta fara aiki ba sai 1996. Tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, kuɗin da gwamnati ke zubawa a shirye-shirye ya ja baya. Saboda haka mai labari daga waje shi zai nemo 'yan wasa da kayan aiki da gidajen da za a ɗauki hoto, sannan ya nemo kamfanin da zai ɗauki nauyin shirin don ya tallata hajarsa. Lola Fani-Kayode ta bi wannan hanya da Mirror in the Sun a tsakiyar shekarun 1980, Ken Saro-Wiwa ya bi ta da Basi and Company, Zeb Ejiro ya bi ta da Ripples. Ita Amaka kamfanin Lever Brothers, masu sabulu, su suka ɗauki nauyin nata wasan. Ke nan tun ranar farko ba ta tsaya ga rubutu kaɗai ba, sai da ta koyi lissafi da ciniki da riƙon ma'aikata.

Daga talabijin zuwa kaset

Ana cikin nuna Checkmate ne fim ɗin Living in Bondage na Kenneth Nnebue ya fito a kaset a 1992, cikin harshen Ibo, ya buɗe kasuwar da daga baya aka raɗa wa suna Nollywood. Wasu daga cikin 'yan wasansa, irin su Francis Agu da Bob-Manuel Udokwu, jama'a sun riga sun san fuskokinsu a Checkmate. Da 'yan kasuwar Idumota a Legas da na Anaca suka ga akwai romo a harkar, sai suka shigo da jarinsu. Wanda ya ba da kuɗi kuwa shi ke faɗin irin labarin da yake so, da jarumin da za a sa, da kwanakin da za a gama. Marubuci ya koma ɗan kwangila, a ba shi abin da ya samu ya kama gabansa.

A cikin wannan hayaniya Amaka ta fitar da Rattlesnake a 1995, shi ma da harshen Ibo. Labarin wani saurayi ne, Ahanna, wanda mutuwar mahaifinsa da halin da iyalinsu suka shiga suka tura shi fashi da makami. A 1996 ta biyo da Violated cikin Turanci. Har yau masu nazarin finafinan Nijeriya suna sa waɗannan biyu a sahun gaba na finafinan wancan zamani, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kyamarar da ta yi aiki da ita irin ta kowa ce, 'yan wasan ma su ne dai waɗanda ake gani a sauran finafinai. Abin da ya bambanta shi ne an zauna an gina labarin, kowane ɗan wasa yana da dalilin abin da yake yi, kuma ba wanda ya isa ya ce a yanke rabin labari don a riski kasuwar Kirsimeti.

Ga wata hujja da ba ta buƙatar dogon musu. A 2020, shekara 25 bayan fitowar Rattlesnake, kuma shekara 6 bayan rasuwar mai shi, aka sake yin fim ɗin da sababbin 'yan wasa, Ramsey Nouah ya ba da umarni, aka nuna shi a gidajen sinima. Kaset ɗin 1995 ya daɗe da zama tarihi, injin kunna shi ma sai an tona. Labarin ne ya rage, kuma sai da aka nemi haƙƙinsa kafin a taɓa shi.

Kunnen marubuciya

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne Fuji House of Commotion, wasan barkwanci da aka fara nunawa a farkon shekarun 2000. A cikin Checkmate akwai wani attajirin Bayarabe mai mata da yawa da tulin 'ya'ya, Cif Fuji, wanda Kunle Bamtefa ya fito a matsayinsa. Ba shi ne jigon labarin ba, ɗan gefe ne. Amaka ta lura da yadda jama'a ke sonsa, sai ta tsamo shi ta gina masa gida nasa na kansa, gidan da kullum ba a rasa rigimar kishiyoyi da ta 'yan uba. Wasan ya shafe shekaru ana nuna shi, kuma har yau waɗanda suka tashi a lokacin suna tuna Peace, matar da Ngozi Nwosu ta fito a matsayinta.

A nan akwai abubuwa biyu. Na farko, da a ce ta sayar da Checkmate ta wanke hannunta, da ba ta da ikon taɓa Cif Fuji, domin ya zama kayan wani. Na biyu, 'yar ƙabilar Ibo ce ta ƙago gidan Bayarabe a Legas, kuma Yarabawa suka kalla suka yi dariya, suka ce lalle sun san irin wannan gida. Wannan ba ya samuwa sai da kunne. A gidan Fuji ana jin Turancin 'yan boko, ana jin Turancin buroka, ana jin Yarabanci yana faɗowa a tsakiyar zance, kowace mata da irin bakinta, maigida ma da irin muryar da yake yi wa 'ya'ya da wadda yake yi wa amarya. Abin da malamanmu ke koya mana ke nan a darasin walwalar harshe, wato yadda matsayi da shekaru da jinsi da wuri ke sauya maganar mutum. Mu muna haddace shi don jarrabawa, ita kuwa ta mayar da shi sana'a.

Me doka ta ce?

Wani zai ɗauka maganar furodusa maganar son girma ce. To, doka ma tana da ta cewa. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, har da sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, wanda ake ɗauka a matsayin mai fim shi ne wanda ya yi tsare-tsaren shirya shi, sai fa idan an rubuta wata yarjejeniya dabam. Ma'ana, idan ka rubuta labari ka miƙa, aka ba ka ladanka ba tare da takarda ba, to fim ɗin da aka yi da shi ba naka ba ne. A nuna shi a tashoshi goma, a sayar wa kamfanonin intanet, a fassara shi zuwa wasu harsuna, kai dai sai kallo. Marubuta nawa ne a cikinmu suka san wannan kafin su miƙa rubutunsu?

Amaka ta sani. Shi ya sa ta kafa kamfaninta, Amaka Igwe Studios, ta buɗe gidan rediyon Top Radio a Legas, ta kuma ƙirƙiro BOBTV, wata kasuwar shekara-shekara a Abuja inda masu shirya finafinai da gidajen talabijin suka riƙa haɗuwa a yi ciniki, a kuma horar da matasa. Ta gane cewa wanda ba shi da rumfa a kasuwa, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai masu cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Hujjarsu ta farko ita ce, yawancin finafinan da suka fi ba mu kunya su ne waɗanda mutum ɗaya ya rubuta, ya shirya, ya ba da umarni, ya kuma fito a jarumi. Ba mai gaya masa cewa wannan fitowa ta yi tsawo ko wancan zance bai da ma'ana, domin duk wanda ke wurin a ƙarƙashinsa yake ci. Wannan haka yake. Amma cutar a nan ita ce rashin jin shawara da rashin iya rubutun tun asali. Mutumin da bai iya rubutu ba ya sayi kyamara ya kira kansa marubuci dabam yake da marubucin da ya ƙware sannan ya koyi kasuwanci. Amaka ba ta ce komai sai ita ba. A Violated, alal misali, Ego Boyo ce furodusa, ita kuma ta riƙe labari da umarni. Riƙe ragama bai hana aiki da mutane ba, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa kasuwanci yana cinye lokacin rubutu, wanda ya kamata ya zauna da alƙalami sai ya ƙare a neman talla da biyan albashi. Ban musa ba. Idan aka dubi rayuwar Amaka, finafinanta da aka fi tunawa na shekarun 1990 ne, shekarunta na baya kuwa harkar rediyo da kasuwa da horarwa sun ɗauki kaso mai yawa a cikinsu. Mai yiwuwa da ta tsaya ga rubutu zalla da mun sami labarai fiye da waɗanda ta bari. Tambayar ita ce, wa zai shirya su, kuma a wace kama za su fito? A ƙasashen da marubuta ke da ƙungiya mai ƙarfi, kamar Amurka inda suka yi yajin aiki na kusan wata biyar a 2023 har kamfanoni suka sauko, marubuci yana iya zama a ɗakinsa ya bar ƙungiya ta yi masa faɗa. Mu nan ba mu kai wurin ba tukuna. Kafin mu kai, wanda bai tsare kayansa da kansa ba, ba mai tsare masa.

Hujja ta uku ita ce ta jari: ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta ina ya ga kuɗin shirya fim? Amsa ita ce, Amaka ma ba da buhun kuɗi ta fara ba, da rubutu ta fara, rubutun ne ya jawo mai ɗaukar nauyi. Ballantana yau da wayar hannu ke ɗaukar hoton da ya fi na kyamarorin 1991 kyau, kuma YouTube ba ya tambayar wanda ya tsaya maka. Ko da mutum bai shirya da kansa ba, sanin yadda ake kasafin fim da yadda ake rubuta yarjejeniya ya isa ya hana a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Ruwansa da yawa, domin abin da ya faru a Legas da Anaca ya faru a Kano. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a 1990, kuma a shekarun farko marubuta littattafai suna cikin masu jan ragama. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim. Balaraba Ramat Yakubu ta tashi daga rubutun littafi ta shiga shirya fim, har ta kai ga Juyin Sarauta. Amma da kasuwa ta buɗe, musamman bayan Sangaya a 1999, waƙa da rawa suka zama abin da ke sayar da kaset, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka zama masu faɗa a ji, labari ya koma abin cike gurbi tsakanin waƙa da waƙa.

Yanzu kuma reshe ya fara juyewa. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi da Labarina suka karɓe hankalin masu kallo. Wasan da za a yi ta nunawa mako bayan mako ba ya tafiya da waƙa da kyan fuska kaɗai, sai da marubucin da ya san inda labari ya dosa. Wanda ya kalli Gidan Badamasi, da attajirin tsoho da tarin 'ya'yansa masu jiran gado, ya kuma san gidan Cif Fuji, zai ga cewa rigimar babban gida abin dariya ce da abin tunani a kowane harshe. Ƙofar da ta buɗe wa Amaka a 1991 irinta ce ta buɗe wa marubutan Hausa a yau.

Mu kuma da muke karatun Hausa a nan, nesa da Kano da Sakkwato, muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Muna zaune da Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu a aji ɗaya da ɗaki ɗaya. Muna jin Hausar Sabo da ta zango, da Hausar 'yan kasuwar shanu da ta masu canji, da Hausar yaron da aka haifa a kudu wanda ke surka ta da buroka. Waɗannan mutane suna da labarai, auratayya da rigingimu da zumunci da kewar gida, kuma da wuya ka gan su a allo yadda suke. Idan 'yar Inugu ta iya gina gidan Bayarabe har Yarabawa suka karɓa, me zai hana ɗayanmu ya gina gidan Bahaushen Sabo?

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai guda uku ce. Mu ɗauki darasin wasan kwaikwayo da na walwalar harshe a matsayin koyon sana'a, mu riƙa sauraron yadda mutane ke magana a tasha da kasuwa muna rubutawa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta daina tsayawa ga wasan daɓe na ranar bikin al'ada kawai, ta gwada shirya gajeren wasa na minti goma, a ɗauka, a tace, a yi lissafin abin da aka kashe, domin a nan ake koyon aikin furodusa. Sannan kada wanda ya miƙa wa kowa rubutunsa, ko da ɗan'uwansa ne, ba tare da takardar da ta fayyace wa ke da me ba. Ga malamanmu kuma, roƙo ne: a sa rubutun fim da dokar haƙƙin mallaka a cikin abin da ake koya mana, a kuma ƙarfafa wa masu rubuta kundin digiri su nazarci marubutan finafinai, ba jarumai da mawaƙa kaɗai ba.

Amaka Igwe ta rasu ranar 28 ga Afrilu, 2014, tana da shekara 51, sakamakon ciwon asma da ya taso mata a Inugu. Abin da ya kai ta can shi ne shirye-shiryen wani sabon wasan talabijin da harshen Ibo. Bayan duk abin da ta gina da Turanci a Legas, harshen gida ta koma wa, kuma a bakin aikin rai ya yi halinsa. Ranar 2 ga Janairu, 2020, kamfanin Google ya sa hotonta a shafinsa na farko don tunawa da ranar haihuwarta. Mutane da dama da suka tashi da dariyar gidan Fuji sai a ranar suka fara ganin fuskar wadda ta sa su dariyar. Ina fata idan an zo ba da tarihin wasannin Hausa na wannan zamani, za a sami sunayen wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla, a gurbin marubuci da kuma gurbin furodusa.